A Duba Batir Kafin A Sayi Kyamarar Fim

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana da ke sha'awar sayen kyamarar fim mai saita hoto da kanta. Tun da Minolta ta fito da samfurin 7000 a 1985, Canon kuma ta biyo da EOS 650 a 1987, irin waɗannan kyamarori suka cika duniya. Yanzu dai an daina ƙera su, sai na hannu, kuma a nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa.

Ra'ayina shi ne, mutumin karkara ya fara tambayar irin batirin da take ci kafin ya tambayi kuɗinta. Canon EOS 5 ta 1992 kyamara ce mai kyau, har tana gane inda idonka ke kallo ta saita wurin, amma batirinta 2CR5 ne. Nikon F80 ta shekarar 2000 kuwa CR123A guda biyu take ci. To, jama'a, a wace kasuwar ƙauye za ka sami waɗannan ranar suna ko ɗaurin aure? Amma Nikon F90X ta 1994 da F100 ta 1999, batir AA guda huɗu suke so, irin na tocila da ƙaramar rediyo, wanda ko wane mai tireda yana da shi. Don haka ni a ganina su suka fi dacewa da mu.

Na biyu, a kula da gilashin gaba, wato lens, domin shi ne ke fitar da hoto. Wanda ya zaɓi Canon ya sani cewa gilashin EF ne ke hawa kyamarar fim, EF-S ba ya shiga. Haka kuma gilashin Nikon mai alamar G yana aiki sosai a kan F100, amma a kan F90X rabin aiki yake yi. A haska tocila cikin gilashin, in an ga zane kamar saƙar gizo-gizo, ruma ce ta kama shi, a bar wa mai shi kayansa.

Na uku, kada kyan ɗan maciji ya ruɗe ka. Buɗe bayanta ka duba labulen ciki, kada ka taɓa shi da yatsa. Sa batir ka harba sau da yawa a gaban mai sayarwa. Robar bayan F90X kan yi danƙo saboda tsufa, wannan ba ya hana aiki, amma dalili ne na neman ragi.

Daga ƙarshe, ina gargaɗin matasa masu son cin abinci da ita. Fim ɗaya hoto 36 ne kawai, ga tsada, ga wuraren wanke shi sun yi ƙaranci matuƙa, alhali kowa na da waya a aljihu. Ka fara gano inda za a wanke maka kafin ka sayar da akuyarka. In kuwa don sha'awa ce, to sayen nagari mai da kuɗi gida, a adana ta daga zafin rana da ƙurar hunturu.

Allah Ya sa mu dace, amin.

Naka,
Wani mai ɗaukar hoto,
Zariya.