Tsohuwar Mota Daga Ƙarƙashi Take Mutuwa

Kowace shekara in kaka ta yi, kuɗin amfanin gona suka shigo hannu, akan sami manomi ko ɗan kasuwa ya ɗaura niyyar sayen tsohuwar Land Rover, ko kuwa ya ta da wadda ta daɗe a jingine bayan gida. Niyyar ba ta da laifi. Motar nan domin aikin gona aka fara ƙera ta a Ingila cikin 1948, ba safai kuwa akan sami ƙaramar mota da ta fi ta sauƙin gyara ba. Amma fa a tuna, tsohon samfurin nan da aka saba da shi an daina ƙera shi tun 1985. Watau autarsu ma ta kai shekara 40.

Inda mutane suka fi ruɗuwa shi ne wajen bodi. Da alminiyam aka yi shi, domin lokacin da aka fara ta ana ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu, alminiyam kuwa ba ya tsatsa. Sai mai saye ya ga jiki sumul, an watsa sabon fenti, ya biya kuɗi yana murna, ashe kallon kitse ya yi wa rogo. Shasin da ya ɗauki motar baƙin ƙarfe ne, mai rami a ciki. Laka takan shige ramin da damina ta kwanta, ta yi ta cinsa daga ciki. Takin zamani da ke zuba daga buhuna ya fi laka ɓarna. Saboda haka kafin a yi ciniki, lalle mutum ya shimfiɗa buhu ya kwanta ƙarƙashi da ƙaramar guduma, ya bi shasin yana ƙwanƙwasawa, musamman ƙarfen ƙarshe na baya da wuraren da aka rataya sifirin. Lafiyayyen ƙarfe amsawa yake yi rau. Inda aka ji dum, ko ɓarɓashi ya zubo, to, ya ruɓe. Mai motar da ya hana a yi wannan dubawa ya san abin da yake ɓoyewa.

Sai maganar yoyon mai. Direbobi sukan ce ai Land Rover ba ta rabuwa da ɗiga, su bar maganar nan. Ɗigar inji da sauƙi, in ana ƙara mai. Wadda take kisa ita ce ta ƙafafu. A bisa kowane ƙarfen da ya haɗa ƙafa biyu akwai wata 'yar kafa ta shan iska. In laka ta toshe ta, man giya ya yi zafi, sai ya rasa hanya, ya fasa robar da ke tare shi, ya jiƙa takalman birki. Birkin da ya sha mai ba ya kamawa, ko kuwa ya fizgi mota gefe guda. Buɗe kafar nan aikin minti biyar ne, takalman da suka jiƙe kuwa sai dai a sake su, wanki da fetur ba ya yi. Har wa yau da yawa cikin tsofaffin nan hanyar man birkinsu guda ɗaya ce, bututu ɗaya ya huje, ƙafa huɗu duk sun tafi. Wanda zai gangara rafi da mata da yara a baya ran kasuwa, ya kamata ya san wannan.

In an ratsa ruwa mai zurfi, a kwance a duba man giya. In ya koma fari kamar nono, ruwa ya shiga, sai a juye a zuba sabo.

Karyewar shaf na baya kuwa, galibi laifin mai mota ne. Gajeriyar Land Rover ba a yi ta don buhu goma na masara ba. A labta mata kaya, ta kafe a yashi, direba ya yi ta ba ta wuta yana sakin kuloci da ƙarfi, sai a ji ƙau. Wata ɓarnar kuma ita ce barin sanda mai rawayan kai a danne bayan an hau kwalta. Jan ƙafa huɗu na laka ne da yashi. A busasshen titi ƙafafun gaba da na baya kokawa suke yi da juna, giya da taya su sha wuya. Da an fito sai a tsaya, a ja sanda mai jan kai baya, a mai da ita gaba, rawayar za ta taso da kanta.

Inji, wanda kowa ya fi tsoro, shi ya fi haƙuri. Abokan gābansa biyu ne, ƙura da zafi. Da hunturu a riƙa wanke tukunyar tace iska ana sake man da ke cikinta, a kaɗe ciyawa da ƙaiƙayi daga lagireto, a duba fanbel. In ya tafasa a jira ya huce, ruwan sanyi bisa inji mai zafi tsaga shi yake yi.

To, wanda kuɗinsa ba su isa gyara duka ba, ya fara da shasi, sa'an nan birki da sitiyari, sa'an nan inji. Fenti da kujeru su jira baɗi. In kuwa guduma ta huda shasin wuri uku ko huɗu, mai walda zai karɓi aikin, amma faci bisa ruɓaɓɓen ƙarfe ba ya riƙe sifirin. Irin wannan motar a saye ta da kuɗin kayan gyara kawai, a cire inji da giya da ƙafafu a ajiye wa wata.