Jan Launi da Kyamarar Zamani

Bahaushe bai tsaya ga kalmar "ja" kaɗai ba, yakan ce abu ja ne wur ko ja zur, kuma idonsa na rarrabe jan dara da jan alharini. Amma kyamarar zamani, watau wadda ba ta aiki da fim, sau da yawa takan mai da waɗannan duka launi guda. Duk wanda ya ɗauki hoton dogarai da rana tsaka a wurin hawan salla ya ga haka: riga ta fito kamar an shafa fenti, ba kalmasa, ba alamar zare.

Dalilan wannan uku ne. Na farko, yawancin kyamarori suna bin tsarin Bryce Bayer na kamfanin Kodak, wanda aka yi wa rajista a 1976. A cikin kowaɗanne ƙwayoyi huɗu masu karɓar haske, biyu na kore ne, ɗaya na shuɗi, ɗaya tak na ja, saboda haka ja tsantsa kan rasa ƙananan bayanai. Na biyu, a hoton JPEG ana auna ƙarfin kowane launi daga 0 zuwa 255. Da zarar ja ya kai 255, duk abin da ya ɗara wannan sai a rubuta shi 255, bambanci ya ɓace. Na uku, ma'aunin launi na sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996, bai ƙunshi dukan jan da ido ke gani ba.

Haka kuma na'urar kwafe fim zuwa kwamfuta tana da tata matsalar. Fim irin su Kodachrome, wanda aka yi daga 1935 zuwa 2009, ba shi da jan rini ko kaɗan. Ja yana samuwa ne inda rinin rawaya ya hau kan wani rini mai sirkin shunayya, kuma na'ura ba ta ganin waɗannan rinunnuka yadda ido ke ganinsu.

Wani zai ce wannan damuwar masu hoto ce kurum. Ba haka ba ne. Hoto hujja ce ga mai nazarin al'ada. Idan ɗalibi ya dogara da kwafen da launinsa ya jirkice wajen bayyana tufafin fada ko jimar fata, to kuskuren na'ura ya shiga littafi ke nan.

Saboda haka ya kamata mai ɗaukar hoto ya rage haske kaɗan idan ja ya yawaita, ya kuma adana ɗanyen hoto na RAW, wanda ya fi JPEG riƙe bayani. Mai kwafe fim ya daidaita na'urarsa da allon gwajin launi kafin ya fara. Mafi muhimmanci, kada ɗakin adana kayan tarihi ya yar da fim na asali don an kwafe shi, domin shi ne abin komawa ranar da aka yi gardama a kan launi.