Jan-baki da Ƙwayar Halittar Saiwar Wake

Farashin kwanon gero da wake a Kasuwar Sabon Gari, tun daga gona ake yanke shi. Tsuntsun jan-baki, idan ya dira a fadamun Haɗeja, sai ya wawashe shinkafa da gero, har gwamnati ta tura jirgin feshi.

Rhizobium kuwa, wato ƙwayar halittar saiwar wake, ido ba ya ganin sa. Yana zaune cikin ƙurajen saiwar wake da gyaɗa, yana zuƙo sinadarin naitirojin daga iska ya mayar da shi taki.

Mai ɓarna ya samu kasafi, an bar mai gyara. Cibiyar binciken noma ta IITA ta samar da NoduMax, mai ɗauke da Rhizobium, domin waken suya. Ya kamata gwamnatin Kano ta kai irin sa hannun ƙananan manoma kafin damina.