Masu taɓa lambobin RAM a BIOS, ku zo mu yi lissafi

Jama'a, wani sabon yayi ya shigo Daura. Matasanmu, daga ɗaliban Poly ta tarayya har yaran shagunan gyara, sun koyi shiga BIOS suna rage lambobin RAM wai don kwamfuta ta ƙara gudu. Koyon yana burge ni wallahi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi gwajin a kan na'urar kwastoma, har a karɓi kuɗinsa.

Lambobin nan irin 16-18-18-38 lokutan jira ne. Ta farko, CL, ita ce yawan bugun da RAM ke jira kafin ta miƙo abin da aka nema. A DDR4-3200, CL16 na nufin nanosakan 10. Ka matse ta zuwa CL14, ya dawo 8.75. Nanosakan fa kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. Mai buga gem zai iya ganin ɗan bambanci, amma mai shagon da aikinsa buga takardu da cike fom har abada ba zai ji komai ba.

In kwamfutar tebur ce da ka haɗa da kanka, akwai XMP da Intel ya fito da shi a 2007. Kamfanin RAM ɗin ne ya gwada saitin, kai kunnawa kawai za ka yi, wutar ta tashi daga volt 1.2 zuwa 1.35. Wannan da sauƙi. To amma me ke hannun yawancinmu? HP EliteBook da Dell Latitude na hannu da aka saro daga Kano. Na ofis ne, an kulle wannan sashen a BIOS ɗinsu. Sai yaro ya sauko da wani BIOS da aka yi wa kwaskwarima a intanet ya ɗora. In bai dace ba, ko wuta ta yanke ana tsakiyar ɗorawa, shi ke nan, ko tambarin kamfani ba za ka sake gani ba.

Sannan ga zafi. Masu bidiyon da kuke kallo a YouTube a ɗaki mai sanyi suke. Mu nan a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka. RAM na riƙe bayanai ne da ɗan cajin da ke yoyo, ana sabunta shi a kai a kai, zafi kuma ƙara yoyon yake. Saitin da ya zauna daram a Janairu zai iya fara kuskure da bazara. Kuma ba kullum yake zuwa da shuɗin allo ba. Wani lokacin shiru-shiru fayil zai lalace, sai ranar da ɗalibi zai miƙa furojet ya tarar ya ƙi buɗewa. Ku yi tunanin irin wannan a cibiyar CBT ranar jarabawar JAMB.

Mai son gudu na gaskiya ya cire tsohon hadis ya sa SSD, bambancin ko kakarka za ta gani. In RAM ɗaya ce a ciki kuma akwai gurbi, ƙara ta biyu irinta su yi aiki tare. Na san ta yi tsada, tun ƙarshen 2025 kamfanonin AI suka wawashe ta a kasuwar duniya, amma ko 4GB biyu sun fi matse lamba amfani. A buɗe a share ƙura kuma.

Wanda ya nace sai ya gwada, bismillah, a kan tasa. Ya canza lamba ɗaya a lokaci guda, ya rubuta ta asali a takarda, ya bar MemTest86 ya kwana yana gwaji, kyauta ne. Ko kuskure ɗaya ya fito, ya mayar da ita yadda take. In ta tebur ce ta ƙi tashi, cire ƙaramin batirin nan CR2032 na 'yan mintuna yakan dawo da saitin kamfani.

Masu shago, don Allah ku riƙa tambayar yaranku me suka taɓa kafin kwastoma ya ɗauki kayansa.