Bokitin Ruwan Sanyi Bayan Sirace: Lafiya Ko Kasada?

A ƙauyukan Batsari da Safana, idan zazzaɓi ko mura ta kama mutum, akan tafasa ganyen darbejiya, a lulluɓe shi da bargo bisa tukunyar har gumi ya karyo masa. Wannan shi ne sirace. Yanzu kuma matasa suna kallon Turawa a wayoyinsu suna fitowa daga ɗakin gumi, su sheƙa wa kansu bokitin ruwan sanyi, ana cewa sirrin lafiya ke nan. Kafin wani ya haɗa wannan da sirace, ya dace a saurari kimiyya.

Ɗakin gumi, wato sauna, tsohuwar al'ada ce ta mutanen ƙasar Finlan, kuma zafinsa kan kai digiri 80 zuwa 100 a ma'aunin santigireti. Wani bincike da aka buga a 2015 ya bi diddigin maza 2,315 na yankin Kuopio har kimanin shekara 20. An gano cewa mutuwar fuju'a ta ciwon zuciya ta fi ƙaranci ga masu yawan shiga ɗakin. To amma zafin aka auna, ba a auna bokitin ba. Shi ruwan sanyi, a ƙasar Holan aka gwada shi a kan mutum 3,018, aka buga sakamakon a 2016. Waɗanda suka riƙa ƙarasa wankansu da ruwan sanyi, fashin aikinsu ya ragu da kashi 29 cikin 100, amma yawan kwanakin da suka yi ba lafiya bai ragu ba. Kuma duk masu ƙoshin lafiya aka zaɓa.

Ga yadda abin yake a jiki. Zafi yana buɗe hanyoyin jini na fata, gumi ya rage ruwan jiki. Da ruwan sanyi ya sauka kwatsam, sai hanyoyin su tsuke, numfashi ya sarƙe, jini ya hau, aikin zuciya ya ƙaru nan take. Saurayi lafiyayye yakan ji garau. Amma ga dattijo, ko mai hawan jini, ko wanda zazzaɓi ya riga ya galabaitar, wannan kasada ce, musamman da ruwan da ya kwana a waje cikin hunturu. Mai sirace kuwa ai majinyaci ne.

Bugu da ƙari, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a hanta da cikin jini take zaune. Gumi ba ya fitar da ita, sanyi ba ya kashe ta. Hausawa sun ce wanka da gari ba ya maganin yunwa.

Saboda haka wajibi ne malamai su fahimtar da ɗalibai, ɗalibai kuma su kai saƙon gida: wanda ya tashi daga sirace ya huta, ya sha ruwa, ya yi wanka da ruwan ɗumi. Mai zazzaɓi kuwa a kai shi asibiti a gwada jininsa tun ciwon bai ci ƙarfinsa ba.