Makullin da ya maƙale ba ya son ƙarfi

Idan mota ta mutu a Gwandu ko Kalgo, makulli kuma ya ƙi fita, direba yakan murɗa shi da ƙarfi har ya karye. Galibi laifin batir ne. A motoci da yawa masu giyar otomatik, wata 'yar sakata mai aiki da lantarki ce ke riƙe makulli, ba ta sakinsa sai giya tana kan P kuma akwai wuta. Irin wannan mota ba ta tashi da turi. Maganinta shi ne a jona mata wuta daga batirin wata motar.

Zafin Afrilu a Kebbi yakan haura digiri 40, yana ƙafar da ruwan batir. Lafiyayyen batir yana nuna bolt 12.6, kuma aunawa wajen mai wayarin ba ta cin minti biyar.

Ya kamata shugabannin tasha su wajabta wa kowane direba ajiye wayar jonawa a but. Wanda ya ɗauko mai naƙuda da dare zuwa Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi ba shi da lokacin jiran bakanike.