Jami'ar da Ba Ta Ɗebo Wuta a Maƙwabta

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san idan wuta ta mutu a gida, ba a zama cikin duhu don jin kunya. Yaro ake aika da kasko ya ɗebo a maƙwabta. Wannan ɗan hankali da kowace tsohuwa ta sani, shi ne ya gagari manyan makarantun Nijeriya, watau jami'o'i, inda aka ce ilmi ya ƙure.

Da can ba haka abin yake ba. Sa'ad da aka buɗe Kwalejin Ibadan a 1948, ba ta ce ta isa ba. Ta jingina da Jami'ar Landan, ana duba mata tambayoyin jarrabawa da sakamako, har 1962 da ta tsaya da ƙafarta. Cikin shekarar nan kuma aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A lokacin jami'o'in ƙasar duka 5 ne. Yanzu sun haura 250, har a 2025 Gwamnatin Tarayya da kanta ta ce ta dakatar da buɗe sababbin nata sai bayan shekara 7. Ashe yawa ya samu. Abin da bai samu ba shi ne su riƙa koyi da juna.

Mai karatu ya duba yadda aiki ke tafiya. Wata jami'a takan gano hanyar ba ɗalibi takardar sakamakonsa cikin mako guda. Maƙwabciyarta kuwa, wadda ba ta wuce tafiyar awa biyu a mota ba, sai ɗalibi ya yi watanni yana safa da marwa, yau an ce fayil ya ɓace, gobe an ce mai sa hannu ya yi tafiya, har gurbin aikin da yake nema ya kubce masa. Me zai hana magatakardan nan ya aika akawunsa biyu su kwana uku a can, su ga yadda ake yi? Ba kuɗi ba ne, gama kuɗin motar bai kai na shayin taro guda ba. Girman kai ne. Kada a ce jami'a kaza ta je ɗaukar karatu wurin ƙanwarta.

Haka kuma kayan aiki. A sayo na'ura mai tsada daga Turai, a kulle ta a ɗaki, mabuɗi na aljihun mutum ɗaya. Ana tayar da ita sau biyu a wata, ƙura na cinta, alhali a cikin birnin nan akwai ɗaliban wata jami'a da za su gama karatu ba su taɓa ganin irinta ba sai a hoto. Kundayen bincike kuwa, waɗanda ɗalibai suka sha wahala suka rubuta, suna jibge a kan kanta, gara ce kaɗai ke karanta su. Sai wani yaro a wani gari ya sake yin binciken da aka gama tun shekara goma, don ba wanda ya gaya masa an yi.

Abin mamaki, malaman zaure, waɗanda wasu 'yan boko ke yi wa kallon mutanen da, sun fi su gane wannan. Malami yakan karantar da almajiri iyakar abin da ya sani, sa'an nan ya ce masa, tafi Zariya ka yi nahawu, ko tafi Barno ka gyara tilawa. Littafi ɗaya yakan zaga gari goma, ana aro ana kwafa da hannu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya bi Malam Jibrilu har Agadas don neman ilmi, wannan kuwa bai rage masa daraja ba.

Masu jami'a za su ce ai ciwonsu rashin kuɗi ne. Lalle suna da gaskiya. Ba banza malamansu suka yi yajin aiki na wata 9 a 2020, da na wata 8 a 2022 ba, yara suna zaune a gida. Amma wanda hatsinsa kaɗan ne, shi ya fi cancanta ya toshe ɓular rumbu. Kuma an riga an gwada haɗa kai an ga amfaninsa. Kafin 1978 kowace jami'a ita ke shirya jarrabawar shigarta. Yaro ɗaya ya nemi uku, duka su ɗauke shi, ya zaɓi ɗaya, kujeru biyu su zauna ba kowa, wasu yara kuwa sun rasa. Da aka kafa hukumar JAMB aka tara aikin wuri ɗaya, wannan ɓarna ta ragu. Hukumar tana da nata laifuffuka, ba a musu, amma ba mai hankalin da zai so a koma gidan jiya.

To, ina maganin? Yana hannun mai ba da kuɗi. Tun 1993 aka ɗora wa kamfanoni harajin ilmi, kashi 2 cikin 100 na ribarsu a farko, a 2011 kuma asusun ya zama TETFund, wanda sunansa ke rubuce a jikin gine-ginen makarantu ko'ina. Wannan dukiyar jama'a ce, har da manomin da bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Saboda haka ya kamata a gindaya sharaɗi: duk jami'ar da aka saya wa na'ura, ta ajiye littafin da za a rubuta sunan kowane baƙon ɗalibi da ya yi aiki da ita, da ranar da ya zo. Kowane kundin bincike a sa shi a intanet, inda na Sakkwato zai karanta na Maiduguri. Idan shekara ta zagayo, mai duba ya zo ya buɗe littafin nan. In ya tarar da shi fari fat, to, kuɗin baɗi a miƙa wa maƙwabciya.